Ɗaliba mai rubutu a Sakkwato: ina za ta sami mai duba mata rubutu, tallafi da wurin bugawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ina rubuta gajerun labarai da Hausa, ina kuma taɓa waƙa da Turanci. Ina jin ana cewa akwai tallafin da ake ba matasan marubuta, akwai kuma masu horar da su, amma ban san ta inda zan faro ba. Sannan wani mai ɗab'i ya ce in kawo kuɗi ya fitar mini da littafi kafin in gama karatu. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi wa karatunki albarka. Bari in fara da maganar mai ɗab'in, don ita ce mai gaggawa. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Abin da ya yi miki tayi aikin buga takarda ne kawai: ki ba shi rubutu da kuɗi, ya miƙo miki littattafai a kwali. Ba zai zauna ya karanta labarinki ya ce miki tsakiyarsa ta yi sanyi ba, ba zai kai littafin shago ba, ba kuma zai ɗora shi a hannun masu sharhi ba. Na ga ɗalibai da yawa da suka bi wannan hanya. Ana yin taron ƙaddamarwa, 'yan uwa da abokai su karɓi 'yan kwafi, sauran su zauna a ɗaki shekara da shekaru, mai littafin kuma in ta girma a rubutu ta riƙa jin nauyin a gan shi. Gaskiya ne marubutan Kano na ƙarshen shekarun 1980 da kuɗinsu suka riƙa buga littattafansu, har suka kafa kasuwa guda ta adabi. Amma su suna da dillalai da shagunan haya da ke kai littafi har cikin gidajen aure, wannan kasuwar kuwa yanzu ta koma cikin waya. Akwai kuma wata illa da ba a cika faɗa wa matasa ba: wasu manyan gasanni ba su karɓar aikin da mutum ya buga wa kansa, wasu kuma na waɗanda ba su taɓa fitar da cikakken littafi ba ne. Littafin farko sau ɗaya ake yin sa, kada ki ɓarar da shi da wuri.

To, ga yadda abin yake tafiya a wajen masu ba da tallafi. Duk shirin da za ki nema, ko na horarwa ne ko na kuɗi ko na zaman rubutu, abu uku za su tambaye ki: samfurin rubutunki, ɗan taƙaitaccen tarihinki, da bayanin abin da kike son yi da damar. Alƙalan suna da ɗaruruwan takardu a gabansu, galibinsu kuma suna yin aikin ne a ɗan lokacin da suka rage daga nasu ayyukan. Samfurin suke fara buɗewa. In shafin farko bai riƙe su ba, da wuya su kai ga tarihin. In ya riƙe su, sai su duba ko wani edita ya taɓa yarda da aikinki har ya buga. Saboda haka tallafi ba shi ne matakin farko ba. Na farko shi ne mai karanta miki da jan biro, na biyu 'yan ayyuka ƙanana da aka buga a wuraren da ake tacewa, sannan tallafi ya biyo baya. Yawancin ɗaliban da ke zuwa wurina da ƙorafin sun nema ba su samu ba, daga na uku suka fara.

Maganar mai duba rubutu ita zan fi daɗewa a kai, domin nan ne gyara ko ɓaraka take. Garin nan ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulfulde da Hausa, ta kuma tsara jajis, wato mata masu koyarwa, da ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a wurinta su mayar wa matan garuruwansu, abin da aka sani da 'Yan Taru. Ko ƙagaggen labarin Hausa na boko da gasa da edita ya fara: a 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta sa gasa, Abubakar Imam yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya shiga, aka zauna aka gyara aikin kafin a buga. Ba wanda ya yi shi shi kaɗai. Abin kamar karatun allo ne: kin rubuta, kin biya a gaban malam, ya nuna miki inda kika ɓata, kin wanke kin sake. Marubuciyar da ba ta yarda a sa ta wanke allo ba, a nan za ta tsaya.

A jami'arku akwai malamai a sashen Harsunan Najeriya da sashen Turanci da suka ƙare rayuwarsu a kan nazarin waƙa da zube, akwai kuma Cibiyar Nazarin Hausa. Daga wannan jami'a ake fitar da mujallun nazari irin su Ɗunɗaye da Zauren Waƙa, duk da cewa su na bincike ne, ba na ƙirƙira ba. Amma yadda za ki tunkari malami shi ne zai sa ya karɓe ki ko ya kauce. Kada ki kai masa rubutu shafi ɗari biyu a cikin littafin aji ki ce "Malam a duba mini". Mutumin da ke da takardun jarrabawa da kundayen 'yan aji huɗu a kan teburinsa ba zai iya ba, zai karɓa don kunya, ya ajiye, ke kuma ki ɗauka wulaƙanci ne. Ki zaɓi labari ɗaya, wanda kika fi yarda da shi, ki buga shi a kwamfuta da tazara tsakanin layuka, shafi biyar ko shida. Ki haɗa da tambaya takamaimai: shin ƙarshen ya gamsar? Shin muryar tsohuwar nan ta yi kama da ta tsohuwa? Ki ba shi mako biyu ko uku. In ya dawo miki da gyara, ki yi gyaran, ki mayar masa ya gani. Wannan mayarwar ita ce ke mai da malami ya zama naki. Mu da muke duba rubutun matasa, abin da ya fi kashe mana gwiwa shi ne mu ɓata dare muna jan layi, washegari mu ga an saki aikin a Facebook yadda yake, ko waƙafi ba a taɓa ba.

Ki kuma sani cewa masanin adabi daban, edita daban. Wani malamin zai iya yi miki bayanin jigo da salo da zubi da tsari na awa guda, amma bai saba cewa "yanke wannan sakin layin, fara daga nan" ba. Ba laifinsa ba ne, ba aikin da aka horar da shi a kai ba ke nan. Ki amfana da shi ta fuskar karatu, ya nuna miki abin da za ki karanta, ya gyara miki ƙa'idar rubutu da karin waƙa. Yankan da ɗinkin kuma sau da yawa a wurin marubuci ɗan uwanki za ki same su, wanda ya riga ki da shekara biyar ko goma, wanda editoci suka sha mayar masa da aiki har ya gane abin da suke nema.

Irin waɗannan mutane a ƙungiyoyi ake haɗuwa da su. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da reshe a jihar nan. Akwai Book O'Clock, dandalin karatu da ya taso daga cikin ɗaliban jami'arku, kuma daga irin wannan yunƙuri ne aka sami bikin littattafai da fasaha na Sakkwato. Akwai ƙungiyoyin 'yan jaridar harabar jami'a, irin su Pen Press da News Digest, waɗanda nake ba kowane ɗalibi mai son rubutu shawarar ya shiga ko da ba aikin jarida yake so ba. A can za ki koyi abin da aji ba ya koyarwa: a ba ki wa'adi, a ce kalma ɗari shida, edita ya yanke rabin abin da kika kawo, gobe ki sake kawowa. Ta nan ɗalibai da dama suka shiga shirin Campus Reporter na cibiyar horar da 'yan jarida ta CJID da ke Abuja, suka fara ganin sunansu a jaridun ƙasa tun ba su gama digiri ba.

Duk da haka, abin da na fi ganin yana aiki shi ne ƙaramin zaure na mutum huɗu ko biyar. Ku haɗu sau ɗaya a mako, a gefen ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo ko a ɗakin kwanan ɗalibai. Kowane mako aikin mutum ɗaya ake dubawa, a raba shi tun kwana uku kafin zaman. Ƙa'ida ɗaya ce ba a karyawa: mai aikin ta yi shiru har kowa ya gama magana. Ba ta kare kanta, ba ta cewa "ai abin da nake nufi shi ne", domin ranar da labarin ya isa hannun alƙali a Kaduna ko Landan ba ta nan balle ta yi bayani. Kada ku cika zauren da masu cewa "ma sha Allah, ya yi daɗi". Yabo yana da ranarsa, amma ba shi ke gyara jimla ba.

Akwai abin da dole in faɗa miki a matsayinki na 'ya mace, kuma da gaske nake. Mai horarwa na ƙwarai ba ya neman kuɗi a hannun ɗaliba, ba ya cewa a sa sunansa a kan aikinki, ba ya kiran ki da dare, ba ya sa miki wurin haɗuwa a inda ba kowa. Ofis, da rana, ƙofa a buɗe, in da hali ki tafi da ƙawa. In da ta waya ne, ku tsaya a imel, inda komai yake a rubuce. Duk wanda ya ce sai ta hannunsa za ki ci wata gasa, ki rabu da shi daga ranar. Mata marubuta da suka riga ki suna da yawa a Arewa yanzu, kuma galibinsu suna amsa saƙo in an rubuta musu da ladabi, a taƙaice, an kuma nuna an karanta aikinsu.

Yanzu shirye-shiryen da ke da suna. Wanda ya fi dacewa da matakinki shi ne SprinNG Writing Fellowship. Ta intanet ake yin sa, kyauta ne, mako shida, ana haɗa kowane matashi da marubuci guda da zai riƙa karanta aikinsa yana mayar masa da gyara. Da Turanci ake yi, saboda haka waƙoƙinki za ki kai. Ba ya buƙatar ki bar aji ko ki yi tafiya, sai dai data da lokaci. Na biyu shi ne gidan marubuta na Ebedi da ke Iseyin a jihar Oyo, wanda Dakta Wale Okediran ya kafa a 2010. Ana ba marubuci masauki na 'yan makonni ya zauna ya yi aikinsa, shi kuma ya riƙa koyar da ɗaliban sakandaren garin. Wannan na wanda yake da aiki a hannu ne da yake son kammalawa, don haka ki ajiye shi sai dogon hutu na aji uku ko bayan kin gama. In lokacin ya zo, kada ki tunkari iyayenki da zancen baki. Ki kai musu takardar gayyata, sunan mai gidan, adireshi, da wanda ya taɓa zuwa da za su iya yi wa magana. Na ga iyaye da dama sun amince da tafiyar da da farko suka ƙi, don kawai an nuna musu komai a fili.

Bukukuwan littattafai ma makaranta ce. KABAFEST na Kaduna ya fara a 2017, HIBAF kuma, wanda ya fi karkata ga adabin Hausa, ƙungiyar Open Arts ta fara shi a 2021. Sukan haɗa da zaman horarwa, sukan kuma nemi matasa 'yan sa kai. Aikin sa kai ɗin nan kada ki raina shi, kwana uku kina rakiyar marubuta da editoci ya fi wasiƙa goma.

Ta ɓangaren Hausa, babbar ƙofarki ita ce Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata zalla da BBC Hausa ke shiryawa tun 2016. Labari ne tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500, ba a biyan kuɗin shiga, kuma labaran da suka yi fice ana karanta su a rediyo, wanda ke nufin za a ji ki daga nan har Agadas. Akwai gasar Gusau Institute ta Kaduna ga masu cikakken littafi. Jaridar Aminiya tana ba adabi fili, gidajen rediyon garin nan irin su Rima suna da shirye-shiryen da ake karanta waƙa da labari. Ga kuma Wattpad da ArewaBooks da zaurukan WhatsApp inda dubban mata ke karanta labari shafi-shafi, wasu ma suna biya. Ra'ayina a kan wannan fage shi ne: masu karatu sun wadata, gasa tana nan, amma editoci da mujallun da ke tacewa sun yi ƙaranci ƙwarai. Sakamakonsa marubuciya takan yi suna kafin ta iya rubutu, masoya suna roƙon ta ƙaro shafi kullum, ita kuma ba ta da sararin komawa ta gyara na jiya. Ban hana ki shiga ba, za ki koyi yadda ake riƙe mai karatu, za ki iya samun ɗan kuɗin kashewa. Amma labaran da kike ji da su, ki killace su. Kuma duk inda kika sa aiki ki riƙe kwafinsa a wurinki. Da dandalin OkadaBooks ya rufe a ƙarshen 2023, marubuta da yawa sun ga amfanin hakan.

Abin da ke kayar da labaran Hausa a gasa tun kafin a kai ga ma'anarsu shi ne ƙa'idar rubutu. Haruffa masu lanƙwasa, raba kalma da haɗe ta, alamomin zance. Alƙalin da ya ga shafi cike da kalmomin da aka manne ba bisa ƙa'ida ba, ga ƙ da k duk ɗaya, zai gaji kafin ya ga kyan labarin. Ki sa allon rubutun Hausa a wayarki, ki nemi littafin ƙa'idojin rubutu a sashen Harsunan Najeriya ki zauna da shi hutu guda. Sai batun Sakkwatanci, wanda ɗalibanmu ke yawan tambaya a kai. Shawarata ita ce ki yi bayanin labari da daidaitacciyar Hausa, amma in mutanenki sun buɗe baki ki bar su su yi magana yadda ake yi a Kanwuri da Gidan Igwai da kasuwar Kara. Kakar da ke cewa "shina nan tahe" kada ki mayar da ita Bakanuwa. Yawancin labaran da ke isa gaban alƙalai muryarsu iri ɗaya ce, gidan attajiri iri ɗaya, kishiya iri ɗaya. Ke kina da majema da masunta na bakin gulbin Rima, da masu noman albasa a fadama, da 'yan cin rani, da matan da rashin tsaro ya koro daga gabashin jihar suka cika gefen tituna. Kina da ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a cikin gari in kina son komawa baya. Wannan shi ne abin da wata a Legas ko Nairobi ba za ta iya rubutawa ba.

Ta ɓangaren Turanci mujallu sun fi yawa. Brittle Paper, Lolwe, Isele, Agbowó, da Omenana ga masu labaran almara da kimiyya, duk suna karɓar aikin wanda bai taɓa bugawa ba. Akwai Konya Shamsrumi, ƙungiyar mawaƙa da ɗan garin nan Umar Abubakar Sidi ke cikin jagororinta. Gasar da aka yi don irinku ita ce Nigerian Students Poetry Prize, wadda ƙungiyar Poets in Nigeria ta fara a 2016 domin ɗaliban manyan makarantu kaɗai. A Amurka mujallar Adroit tana da gasar waƙa da zube ta ɗaliban sakandare da masu digirin farko. In waƙoƙinki sun kai goma masu ƙarfi, akwai kyautar Evaristo ta mawaƙan Afirka waɗanda ba su fitar da cikakken diwani ba. Kafin ki aika wa kowace mujalla, ki karanta fitowarta biyu ko uku, ki ga irin abin da suke so, ki bi ƙa'idarsu harafi da harafi. Wasiƙar rakiya layi huɗu ta isa: sunanki, inda kike karatu, sunan aikin, godiya. Da yawansu suna ɗaukar abin da aka sa a Facebook a matsayin wanda aka riga aka buga, suna kuma ƙin duk rubutun da manhajar kwamfuta ta tsara. Ki yi rajista a littafi na abin da kika aika, ina, yaushe, me aka ce. Za a ƙi aikinki sau da yawa, fiye da yadda kike zato, kuma haka ake yi wa kowa. In edita ya ƙi amma ya ƙara layi ɗaya da hannunsa cewa ki sake aikowa, wannan babban abu ne, ki sake aikawa.

Kada ki biya kuɗin shiga gasa a wannan mataki. Waɗanda ba a biya sun ishe ki. Duk saƙon da ya zo cewa an zaɓi waƙarki za a sa a wani kundi amma ki turo kuɗin rajista ko na lambar yabo, kasuwanci ne ake yi da burinki.

Manyan kyaututtukan da kike jin labari, ki san su amma ki san lokacinsu. Kyautar Caine fam 10,000 ce, ta gajeren labarin da aka riga aka buga da Turanci, kuma mawallafi ne ke shigar da shi, ba marubuci ba. Helon Habila ya ci ta a 2001. Tallafin Miles Morland fam 18,000 ne na shekara guda don a zauna a rubuta littafi, sai wanda ya riga ya yi bugu yake nema, ana kuma bin sa kalma 10,000 duk wata. Kyautar adabi ta kamfanin NLNG dala 100,000 ce, tana zagayawa tsakanin zube da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara. Abubakar Adam Ibrahim ya ɗauke ta a 2016. Akwai kuma digiri na biyu a fannin ƙirƙirar rubutu a jami'o'in Amurka, inda wasu ke ɗauke kuɗin makaranta su kuma ba ɗalibi alawus. Matasan Najeriya da dama sun tafi ta wannan hanya. Abin da ake nema a can shi ne samfurin rubutu, sakamakon digirin farko, da wasiƙun shaida daga malamai. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai kada rubutu ya sa su saki karatu. Malamin da kika riƙa mayar wa da gyara tun aji biyu, shi ne zai rubuta miki wasiƙar da ke da nauyi, domin ya san aikinki da gaske.

Game da haƙƙin mallaka, aikinki naki ne tun daga ranar da kika rubuta shi, ba sai kin yi rajista ba, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tsaya a kan haka. Ki riƙa aika wa kanki kowane daftari ta imel don kwanan wata ya zama shaida. Mujalla ta gari izinin bugun farko kawai take karɓa, daga nan aikin ya dawo hannunki. Duk takardar da ta ce kin sallama dukkan haƙƙi har abada, kada ki sa hannu sai wani babba da ya san harkar ya karanta. Wannan ya shafi masu karanta littattafan Hausa a YouTube da masu shirya fim, waɗanda sukan zo wa matasa da ɗan kuɗi kaɗan su tafi da labari gaba ɗaya.

Akwai gasa ɗaya da nake son ki sa a gaba tun yanzu, domin ta haɗa harsunanki biyu: gasar gajeren labari ta ƙasashen Commonwealth. Kyauta ake shiga, ga duk ɗan ƙasashen ƙungiyar da ya kai shekara 18, labarin da ba a taɓa bugawa ba mai kalma 2,000 zuwa 5,000. Ana buɗewa 1 ga Satumba a rufe 1 ga Nuwamba. Wanda ya ci na yankin Afirka yana samun fam 2,500, gwarzon duka kuma 5,000. Suna karɓar labarin da aka fassara zuwa Turanci daga wani harshe. Ma'ana za ki iya rubuta labarinki da Hausa, inda hannunki ya fi faɗawa, ki kai shi zaurenku a tattauna, ki kai wa malaminki ya ja masa biro, sannan ki fassara shi da kanki ko tare da wata ƙawa ta sashen Turanci. Ki fara daftarin a wannan zangon karatu, ki bar shi ya huta lokacin jarrabawa, ki yi fassarar a hutu. Ki aika tun cikin Oktoba, kada ki jira daren rufewa, don kin san halin wuta da na intanet a Ɗunɗaye, inda jami'arku take.